Amshin da Aka Hana Bappayo Mai Jita

Na Allah muke, kuma wurinsa za mu koma, da mai kiɗa da mai sauraro. Ranar Talata, 13 ga Maris, 2007, da hantsi, Allah ya karɓi ran Malam Bappayo Mai Jita a gidansa da ke nan Azare, bayan ya sha jinyar ciwon ƙirji. Ya rasu yana da shekara sittin da takwas. Ya bar matarsa Hajiya Suwaiba, da 'ya'ya da jikoki. An sallace shi bayan azahar, aka raka shi makwancinsa.

Bappayo, na so in rubuta maka ta'aziyya mai sanyi irin wadda ake yi wa dattawa, in jero kyawawan halayenka in rufe da addu'a. Na gwada, na kasa. Tun da muka dawo daga maƙabarta raina a ɓace yake. Kai Bafillatani ne ni Babarbare, shekara arba'in kana kirana bawanka ina kiran ka nawa, kuma ka sha faɗa a gaban mutane cewa wannan bawan naka bai iya haɗiye magana ba. To yau ma ba zan haɗiye ba.

Yaran yanzu sun san ka ne a matsayin tsohon nan mai gyaran lasifika a kusa da tasha, mai tabarau ɗaure da zare. Bari in gaya musu ko kai wane ne. A garin Katagum aka haife ka. Mahaifinka ya tura ka Jos koyon gyaran rediyo, a can kunnenka ya ci karo da kiɗan nan na Turawa da ake kira rok an rol, mai jita ta lantarki da ganguna masu tsawa. Ka sayi wata tsohuwar jita ja, ka koya wa kanka, ka dawo gida kana yin wannan kiɗa da Hausa, kana yayyafa masa Fillanci. A nan Azare ka haɗu da George, mutumin kudancin Bauchi da aka turo aikin ruwan famfo, ya zama makaɗin gangunanka har ƙarshen rayuwarka. Daga nan zuwa Potiskum, Kano, Maiduguri da Jos, babu filin da ba ku cika ba. Suma tuli guda a kanka, wando mai buɗaɗɗen ƙafa yana share ƙasa, takalmi mai tudu. Ina da hoton, kuma ba kai kaɗai ne a cikinsa ba. Akwai wasu a bayanka waɗanda yau za su biya ni in ƙona shi.

Waƙarka da ta fi kowacce shiga zuciya ita ce “Motar Asuba”, wadda ka yi wa samarin ƙasar nan da suke barin gida neman abinci. A tsakiyarta kiɗa yakan tsaya cak. George ya ɗaga sandunansa sama, kai kuma ka ɗora hannu a kan igiyoyin jita, ka kira: “Mutan Katagum, kuna ina?” Sai fili gaba ɗaya ya ɗauka: “Muna nan, Bappayo, muna nan.” Sau uku ake yi, kowane ya fi na baya ƙarfi, sannan ganguna su dawo. Kana da doka a kan wannan wuri. Mawaƙi ba ya amsa wa kansa, yaransa ma ba sa amsa masa. Na taɓa jin ka tsawata wa wani sabon mai jitarka da ya sa baki, ka ce masa wannan wurin na jama'a ne, ba a shiga musu gona.

Ba kiɗa kaɗai na sani a kanka ba. Lasifikar da kake cashewa da ita ranar Asabar, ita ce take ɗauke da tafsiri a masallacin unguwarmu kowane watan azumi, kai za ka ɗauko ta a ka, kai za ka ɗaura ta, kai za ka zauna kusa da ita kana murɗa ta kada ta yi ƙara. In Kirsimeti ta zo ka kai ta cocin su George. Ban taɓa ganin an kira salla kana tsakiyar waƙa ka ƙarasa baitin ba. Kuma Mabel, matar George, tana nan da ranta, a tambaye ta ranar da naƙuda ta kama ta cikin damina. Kun dawo daga Misau ke nan, motar kiɗanku cike da kaya. Ka sauke akwatunan sauti a tsakar titi ana tafka ruwa, ka shimfiɗa mata tabarma a cikin motar, ka kai ta asibiti. Babbar akwatinka ta sha ruwa ba ta sake magana ba. Da George ya zo ba ka haƙuri, cewa ka yi ai an samu sabuwar murya a madadinta, kuma wannan ba ta bukatar batir.

Sannan zamani ya juya. Waɗanda suka ci ƙafar wandonsu a filin rawarka suka yi kuɗi, suka yi tumbi, suka je Makka suka dawo. Ban ga laifin wanda ya bar rawa don ya girma ba, ni ma na bari. Abin da na ga laifinsa shi ne su bar rawa sannan su ɗora maka kunyarta kai kaɗai. Suka koma kiran ka mawaƙin otal. In ka miƙa hannu su ba ka kan yatsu. In lasifikarsu ta lalace su aiko direba, kada a ga motarsu da su a ciki a ƙofar shagonka. Kai kuwa ka gyara, ka goge mata ƙura, ka ce a gaida Alhaji.

Ana haka, cikin daminar 2005, wata mata ta sauka daga mota a ƙofar shagon, ina zaune muna shan shayi. Ta durƙusa ta gaishe ka da Hausa garau, ta ce, “Baba, ka gane ni?” Ka zare tabarau ka dube ta, ka ce, “'Yar Zachariah na gidan waya, mai leƙen mu ta kan katanga.” Emmanuella ce. A nan Azare ta yi yarinta lokacin da mahaifinta yake aiki, daga baya ta tafi ƙasar waje ta karanci kiɗa, ta dawo tana jagorancin wata babbar ƙungiyar makaɗa a Legas, irin wadda ake kira okestira. Mutum wajen sittin ne, masu gogen Turawa manya da ƙanana, masu sarewa, masu ƙaho, masu tambura, kowa da takardar kiɗa a gabansa, ita kuma a tsaye tana juya su da 'yar sanda. Ta fito da wani tsohon kaset na wasanka da mahaifinta ya naɗa a fili, ta ce ta rubuta waƙoƙinka domin waɗannan makaɗa, tana so ka zo ka rera su da bakinka, da jitarka, da George a bayanka.

Ka ajiye kofin shayinka. Fiye da shekara goma ba ka hau dandamali ba.

Abu ɗaya ne ya tsaya mata, wato wurin nan na “Motar Asuba”. Ta ce a kaset jama'a ne suke amsawa, amma a irin zauren da za a yi wasan mutane ba sa magana, zama suke yi tsit har a gama. Ta ce tana da mawaƙa maza da mata da za ta koya musu amshin. Ka girgiza kai. “A'a, 'yata. Bar shi fili. Mutanena za su zo.” Ta sake yi maka bayani, ka yi dariya ka ce ba ta san mutan Katagum ba. Ta bi maganarka. Ta rubuta wa makaɗanta cewa a nan kowa ya ɗaga hannu daga kayansa, sau uku, ya jira.

Da ƙafarka ka je gidan Alhaji Hammawa, shugaban ƙungiyar 'yan asalin ƙasar nan, ni na raka ka. Ka zaɓe shi ne domin a zamaninmu babu muryar da ta kai tasa a wajen amshin nan, kuma shi ne ya taɓa hawowa dandamali ya cire hularsa ya ɗora maka. Ya karɓe mu da fara'a, ya ce wannan abin alfahari ne ga ƙasar Katagum baki ɗaya. Ya ce za su cika babbar mota, ko da ƙafa ne za su zo. Ya karɓi katunan gayyata da hannu biyu. Emmanuella ta ware musu layi biyu a gaba, inda manyan baƙi suke zama.

Muka tafi Legas mu uku, da kai da George da ni a matsayin tafinta. Kwanakin gwaji ba zan manta da su ba, domin rabon da in yi dariya haka tun muna samari. Kai ba ka taɓa rera waƙa iri ɗaya sau biyu ba, su kuma ba sa kauce wa takarda ko da taki ɗaya. Ana cikin baiti sai ka hango wata baiwar Allah rungume da goge mai tsawon mutum, ka saki waƙar ka shiga yi mata kirari, makaɗa sittin suka wuce suka bar ka a baya. Ka dubi sandar Emmanuella ka ce mini wannan ko ɗan akuya ba za ta kora ba, ta yaya take kiwon garke haka. La'asar ta yi, ka jingine jita ka nemi buta, aka bar su riƙe da goge a wuya. Kashegari sai ga mai babban ƙaho, wani Bayerabe, ya riga ka shimfiɗa tabarma. Amma ka koya. A shekarunka ka zauna kamar ɗalibi kana ƙirga bugu da yatsa, har ka daina wuce su, suka daina wuce ka. Kuma kullum in an zo wurin amshi aka yi shiru, sai ka juyo ka ce musu, ni ina fassarawa, su dai jira ranar Asabar su ji.

Asabar ta zo, cikin watan Nuwamba, bayan ƙaramar salla. Zaure ya cika, har da Turawa da jakadu. Makaɗa suka fito cikin baƙaƙen kaya kamar alƙalai, kai kuma ka fito cikin farar babbar riga, jar jitarka a rataye. Ni ina zaune a layin da aka ware wa mutanen Katagum. Ni kaɗai. Ina ta waiwayen ƙofa har aka rufe ta.

Ban san yadda zan kwatanta wa wanda bai ji ba. Waƙoƙin da na sani tun ina saurayi ne, amma sai na ji kamar an buɗe musu ƙofofi da tagogi. Gogen nan suka taso a hankali a ƙarƙashin muryarka, ƙahoni suka shigo, gangunan George suna tsakiya suna riƙe da kowa. Muryarka ta dushe da tsufa, ba ta hawa inda take hawa a da, amma ta yi nauyin da ba ta da shi a da. Na ga wata Baturiya tana share ido alhali ba ta jin ko kalma ɗaya.

Aka shiga “Motar Asuba”. Aka zo wurin. Emmanuella ta dunƙule hannu, makaɗa sittin suka tsaya cak, George ya ɗaga sanduna. Fitilu suna haske maka ido, ba ka ganin kujeru. Ka matso bakin dandamali ka kira da dukkan ƙarfinka: “Mutan Katagum, kuna ina?”

Na miƙe na amsa. Muryar tsohon malamin makaranta ɗaya a cikin zauren da ya ci ɗaruruwan mutane. Wata mata a gefena ta juyo ta ɗora yatsa a leɓe. Ban ga laifinta ba, a wurinsu shiru shi ne girmamawa, kuma ba ita aka kira ba. Ka sa hannu ka tare haske kana duban layin nan biyu. Ka sake kira, na sake amsawa. A na uku muryarka ta karye a tsakiya. A nan ne George, wanda fiye da shekara talatin bai taɓa taka dokarka ba, ya buɗe baki daga bayan ganguna ya taya ni: “Muna nan, Bappayo, muna nan.” Mu biyu, Babarbare da mutumin kudancin Bauchi, mu ne mutan Katagum a ranar.

Da aka gama zauren ya miƙe tsaye, aka yi ta tafi har hannuwa suka yi zafi. Kai kuwa ko kallonsu ba ka yi sosai ba. Muna shiga bayan dandamali ka kama hannuna ka ce, “Malam Umara, kira su. Hanyar nan ba ta da kyau, kada dai wani abu ne ya same su.” Wannan ita ce maganar da ta fi ƙona mini rai har yau. An watsa maka ƙasa a ido a gaban duniya, kai kuma tsoronka kada motarsu ta yi haɗari.

Na kira wayar Alhaji Hammawa na miƙa maka. Ina tsaye kusa, ina jin abin da yake tashi a bayansa: kiɗa ne, da guɗa. Suna Bauchi, wurin bikin 'yar wani babban ɗan kwangila, suna yi wa wani yaro mai fiyano liƙi. Ya ce ka yi haƙuri, sun zauna sun duba, mutum in girma ya kama shi bai dace a gan shi a talabijin a gidan rawa ba. Ka ce, “Alhamdu lillahi, tunda lafiya kuke.” Ka miƙo mini wayar ka shiga naɗe igiyar jita.

To ina tambaya, kuma a rubuce nake tambaya don kada a ce ba a ji ba. Kiɗan Bauchi halal ne na Legas haram? Ko kuwa girma yana hana mutum amsa wa mai gyaran rediyo ne, amma ba ya hana shi rausaya a gaban ɗan kwangila? Ku 'yan ƙungiya, in kun ga bai dace ba, me ya hana ku faɗa masa tun a zauren Alhaji Hammawa, ranar da kuka karɓi katin da hannu biyu? Da kun faɗa, da an sa mawaƙa sun cike wurin, da ba a bar dattijo tsaye a gaban baƙi yana kiran garinsu babu mai amsawa ba.

Ko bayan wannan ba ka fid da rai ba. Emmanuella ta aiko da faifan bidiyon wasan. Burinka ɗaya, a kafa majigi a fili a nan Azare a nuna shi, in an zo wurin nan jama'a su cike abin da aka bar musu. Ka koma wurin ƙungiyar su Alhaji Hammawa. Aka ce za a duba. Damina ta zo aka ce sai bayan ruwa, azumi ya zo aka ce sai bayan salla, daga nan aka shiga kakar siyasa aka ce fili ba ya samuwa. Gaskiya ne ba ya samuwa, domin kullum a cike yake da mawaƙan jam'iyya suna zagin iyayen mutane, da lasifikokin da kai ka gyara. Ciwo ya kwantar da kai. 'Yarka Sadiya ta gaya mini cewa kakan sa a kunna maka faifan a ɗaki, in an zo wurin sai ka ɗaga yatsa kowa ya yi shiru, ka karkata kunne wajen taga. Jikoki sukan amsa maka, ka shafa kansu ka yi murmushi, amma kunnenka yana waje.

Ranar jana'izarka mutane sun zo. Wallahi sun zo, har na rasa inda suke ɓoye duk shekarun nan. Motoci masu hotunan 'yan takara sun cika layi. Aka ajiye ka a gaba, aka ja sahu. Kafin a ta da kabbara ƙanenka ya juyo, kamar yadda aka saba, ya ce, “Jama'a, a yafe masa.” Sai fili gaba ɗaya ya ɗauka da murya ɗaya: “Mun yafe masa.” Alhaji Hammawa yana sahun farko, kuma har yanzu babu muryar da ta kai tasa.

Ba na jayayya da wannan al'ada. Kowa mai laifi ne, kowa yana bukatar yafiya, ni ma na faɗa tare da su. Amma jikina ya yi sanyi, domin wannan ita ce muryar da ka tsayar da makaɗa sittin kana jira. Tana nan, ba ta tsufa ba, ba ta dushe ba. An adana ta ne sai ranar da ba za ka ji ba, kuma da aka fito da ita, su ne masu yafewa. Babu wanda ya tambaya ko kai ka yafe.

George yana tsaye can gefe a gindin darbejiya, hularsa a hannu, tunda ba zai shiga sahu ba. Da muka dawo daga maƙabarta na same shi inda na bar shi. Bai yi kuka ba. Abin da ya ce mini kawai shi ne, “Malam, ashe suna da murya.”

Yanzu na ji ana cewa ƙungiya za ta shirya taron tunawa da kai, a gayyato manyan baƙi, a nuna faifan. Fili ya samu ke nan. Ba zan hana ba, ba ni da ikon hanawa, faifan na iyalinka ne. Roƙona ɗaya gare su. In an zo wurin nan, kada wanda ya karɓi kati ya buɗe baki. Ku zauna ku saurari shirun nan sau uku daga farko har ƙarshe, domin ku kuka yi shi, kuma Bappayo ya sha shi a tsaye.

Hajiya Suwaiba ta gaya mini cewa kwana kaɗan kafin ka cika ka ce ka yafe wa kowa, ka kuma ambaci Alhaji Hammawa da suna. Na yarda, halinka ne. Ni bawanka da saura, ina roƙon Allah ya sanyaya mini zuciya in bi sahunka.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Suwaiba, wadda ta zauna da kai lokacin da fili yake cika da lokacin da ya watse, ba ta canza fuska ba. Ina yi wa Sadiya da 'yan'uwanta da jikoki, da dangi na Katagum da na Azare. Ina yi wa George da Mabel, da Emmanuella wadda ta tuna da kai daga nesa. Allah ya ba ku haƙuri, ya tsare muku zuri'a, ya sa kada ku ga wulaƙanci a bayansa.

Allah ya jiƙan ka, Bappayo. Ya gafarta maka kurakuranka na fili da na ɓoye, ya sa karatun da lasifikarka ta kai kunnuwan mutane ya zame maka haske a kabari, ya tabbatar da harshenka wajen tambaya, ya sa Aljanna ce makomarka. In tamu ta zo ya sa mu cika da imani. Ya Allah, wannan bawa naka ya kira mutanensa sau uku ba su zo ba. Kai ne ba ka barin mai kira a tsaye. Ka amsa masa.

Malam Umara
Azare, 20 ga Maris, 2007